Dabino 16 cikin 200: dillali ne ya yi ƙarya ko hannunmu ne ya faɗa kan marasa kyau?

Maganar nan a shagon Kawu ta faro, nan Madina wajen kasuwar dabino, ana saura kamar sati uku a kama azumi 'yan Umara sun fara cika gari. Kawu ya sauke dabinon safawi katan 100 daga hannun wani dillali da suka daɗe suna harka tare, shima Bahaushe ne haifaffen nan, kuma wajen ciniki sai da Kawu ya tambaye shi batun ƙwaro, abinda ake cewa sus a nan, yace masa Alhaji kaya ne lafiyayye yanzu aka fito dashi daga ɗakin sanyi, mai ƙwaro a ciki in yayi yawa biyar cikin ɗari. Aka yi ciniki aka rabu. Kwana biyu da haka sai ga wata Hajiya ta dawo da leda a hannu tana faɗa, wai ta ɓare uku ta tarar da baƙin gari a ciki, Kawu ya bata haƙuri ya canja mata amma fa ransa ya ɓaci, bayan an idar da isha'i ya zaunar damu ni da ƙanwata a bayan shago muka ɓare ƙwaya 200 ɗaya bayan ɗaya. Guda 16 muka samu da ƙwaro. Kashi 8 cikin 100 kenan, shi kuma dillali 5 yace.

Kawu har ya ɗauko waya zai kira mutumin ya wanke shi tas, ƙanwata tace Kawu don Allah ka ɗan dakata, ta juyo tace min Yaya wallahi wannan shine babin da ya hana ni barci. Tana shekarar farko a jami'a suna yin ihsa, wato ilimin ƙididdiga, da Larabci ake koya musu, babin da suke cewa ikhtibarul furud, mu ce gwajin zato, kuma sashen da ya shafi kaso, kamar kashi nawa cikin ɗari na abu kaza ne yake da kaza. Ni na yi shi shekarun baya kuma ban manta ba yadda na haddace lissafin na ci jarabawa ban san me nake yi ba, sai daga baya abin ya zauna min. Shi yasa nace bari in rubuta abinda muka tattauna a daren nan, don na san akwai yaranmu da yawa a Makka da Jidda da nan Madina masu fama da babin, harshen gida daban na makaranta daban.

Abu na farko da sai ya zauna a kai kafin a taɓa kalkuleta, ko da dillali gaskiya tsantsa ya faɗa, ba lallai ka samu 10 cif a cikin 200 ba. Kashi 5 na 200 dai 10 ne, amma hannu ba ya ɗibowa da ma'auni. Yau ka ɗiba ka samu 8, gobe 13, jibi 9, kaya ɗaya ne bai canja ba. In aka lissafa ma, samun 10 daidai ba ƙari ba ragi sau 13 ne kacal cikin 100, sauran lokutan duk sama ko ƙasa kake faɗawa. Samun 12 zuwa sama yana faruwa kusan sau 30 cikin 100, 13 zuwa sama kusan sau 20. Kaga da 12 muka samu Kawu ya kira mutum ya zage shi ai an ci zalinsa. Da kuma 30 muka samu babu wanda zai nemi kalkuleta, ko yaro ya san an cuce mu. Matsalar a tsakiya take, irin su 15, 16, 17, inda zuciya take cewa an yi maka ha'inci amma kuma ka san sa'a tana iya yin haka. Gaba ɗaya babin nan tambaya ɗaya yake amsawa, in maganar dillali gaskiya ce, sau nawa hannu zai ɗibo abu mai muni kamar wanda muka gani ko fiye?

A aji sai a baka sunaye biyu. Akwai zaton asali, wanda malaminsu yake kira fardiyya sifriyya ana rubuta shi H0, shine maganar da take zaune tun farko, a nan kason masu ƙwaro a cikin kayan, wanda ake rubutawa p, shine 0.05. Sai kishiyarsa, fardiyya badila, H1, ita ce zargin da kake kawowa, a nan p ya wuce 0.05. Ni kishiya nake ce mata don ba a haɗa su ɗaki ɗaya, in ɗaya ta zauna ɗaya ta tashi. Kawu yana jin wannan yace ai wannan ba sabon abu bane, a fiƙihu ma hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Wallahi bayanin da ya fi na littafi kenan. Kawu ne mai da'awa, shi yake cewa ƙwaro ya wuce yadda aka faɗa, don haka shi zai kawo shaida, dillali kuma yana nan a kan asalinsa na marar laifi har sai shaidar ta yi ƙarfi. Kuma in alƙali ya sallami mutum saboda shaida bata isa ba, ba cewa yayi ya tabbatar mutumin waliyyi ne ba, cewa yayi ba a kawo abinda zai kama shi ba. Shi yasa malamai suke cire maki in ka rubuta mun karɓi H0, abinda ake rubutawa shine ba mu samu hujjar ƙin H0 ba. Ɗalibai suna ganin kamar wasa da kalmomi ne, alhali bambancin hukunci ne babba.

Toh lissafin kansa. Muna son sanin irin lilon da kason samfur, wato ƙwayoyin da aka ɗibo, yake yi a kewayen 0.05 in aka yi ta ɗibar 200. Ma'aunin lilon nan, wanda suke cewa khaɗa'ul mi'iyari, ana samunsa haka: 0.05 sau 0.95, ya bada 0.0475, a raba da 200, ya bada 0.0002375, sai a danna alamar √ a kalkuleta, a samu 0.0154. Ma'ana ɗiba ta yau da kullum tana kaucewa kashi 5 da misalin kashi ɗaya da rabi, sama ko ƙasa. Mu kuma mun kauce da 0.08 a cire 0.05, wato 0.03. Sai a tambaya wannan 0.03 ɗin taki nawa ne in takin mu 0.0154 ne, a raba, a samu 1.95. Wannan shine z. Babu wani sihiri a ciki, nisa ne aka auna da taki, mun yi nesa da maganar dillali da kusan taki biyu.

Daga nan sai jadawalin nan na bayan littafi, na zanen da yake kama da tozon raƙumi, tsakiya tudu gefe da gefe gangara. Wani masanin lissafi ɗan Faransa da ya zauna a Ingila, De Moivre, shi ya nuna tun 1733 cewa in ƙirge irin wannan yayi yawa siffarsa tana komawa tozon nan, shi yasa ake aron sa maimakon a zauna ana lissafa kowace ƙwaya. Jadawali yace abinda ya rage a gangarar dama bayan 1.95 kusan 0.026 ne. Wannan ita ce ƙimar p, wadda ake ta surutu a kanta, ita daban da p ɗin kason masu ƙwaro.

Anan ne nake so a tsaya sosai don anan kowa yake zamewa, har da masu digiri. Ƙanwata tana ganin 0.026 tace shikenan, yiwuwar dillali yana da gaskiya kashi 2.6 ne kawai. Nace a'a, ba haka bane ko kaɗan. Lissafin gaba ɗaya mun gina shi ne akan mun ɗauka yana da gaskiya, 0.05 ɗinsa muka saka a ciki tun daga farko, to ta yaya abinda aka gina akan gaskiyarsa zai dawo ya auna gaskiyar tasa? Abinda 0.026 yake cewa shine, in da gaske kashi 5 ne masu ƙwaro, kuma mutane 1000 kowa ya ɗibi 200 daga kayan, kusan 26 daga cikinsu ne zasu ga kashi 8 ko fiye. Ko dai muna cikin waɗannan 'yan tsirarun marasa sa'a, ko kuma maganar kashi 5 ɗin ce bata tsaya ba. Lissafi bai san wanne bane. Bai san shekara nawa Kawu yayi yana harka da mutumin ba, bai san ko ya taɓa cutar wani ba, bai san ko firjin da aka ajiye kayan ya taɓa lalacewa ba. Kuma ko an tabbatar ƙwaro ya wuce kashi 5 ba shi ke nuna mutumin ƙarya yayi da gangan ba, ƙila shima haka aka faɗa masa a gona. Rikicin fassarar p ya kai har ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka sai da ta fitar da sanarwa ta musamman a 2016 tana jan kunne akan wannan kuskuren, kaga ba laifin 'yar shekarar farko bane.

Sai batun iyaka, alfa, wadda kusan kullum ake sawa 0.05. In p ta gaza alfa a ƙi H0, in ta kai ko ta wuce a bar shi. Kada a rikita wannan 0.05 da na dillali, dacewa ce kawai suka zo ɗaya a misalinmu. Kawu ya tambaya wa ya yanka wannan iyakar, kuma tambaya ce mai kyau don ba wahayi bane. Wani Bature ne Ronald Fisher, yana aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, a littafin da ya fitar a 1925 ya nuna cewa ɗaya cikin ashirin wuri ne mai sauƙin tsayawa tunda yayi daidai da kusan taki biyu, mutane suka ɗauka suka riƙe har yau. Shine mai labarin shayin nan ma, wata abokiyar aikinsa tace ita in ta kurɓa tana gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko shayi, sai aka tsara kofi 8, huɗu haka huɗu haka, a bata a hargitse. In cinta kawai take yi, hanyoyin zaɓar huɗu daga takwas guda 70 ne, ɗaya ce tak daidai, don haka cinye duka da sa'a ɗaya cikin 70 ne. Amma ta samu uku cikin huɗu ko fiye, wannan 17 cikin 70 ne, kusan kashi 24, ba abin a yi mata tafi bane. Inna da take jin mu daga ciki tace ita ma tana ganewa, Kawu yace a bari sai bayan sallah a gwada ta. Kafin Fisher ma da nisa, a 1710, wani likita John Arbuthnot ya duba rajistar jariran Landan ta shekara 82 ya ga kowace shekara maza sun fi mata yawa, yace in rabi da rabi ne to samun haka sau 82 a jere kamar ka jefa kwabo sau 82 ne yana faɗuwa fuska ɗaya. Tunanin dai ɗaya ne da na dabinonmu.

To 0.026 ta gaza 0.05, a ƙi H0, Kawu ya kira dillali kenan? Ɗan tsaya, akwai wurare uku da amsar take rawa, kuma misalin nan namu kamar da gangan aka ƙera shi don ya nuna su.

Na farko gefe. Mun duba gangarar dama ne kawai saboda zarginmu ƙwaro ya wuce, in ya gaza kashi 5 ai alheri ne babu mai ƙara. Amma da tambayar ita ce shin kason ya bambanta da 5, sama ko ƙasa, dole a haɗa gangara biyu, p ta ninka ta koma kusan 0.052, ta haye iyaka da ƙiris, hukunci ya juye. A gefe ɗaya z sai ya wuce 1.645, a gefe biyu sai ya wuce 1.96, namu kuwa 1.95. Dabino ɗaya, ƙirge ɗaya, hukunci biyu. Shi yasa ake cewa gefe da alfa tun kafin a ɓare ƙwaya ta farko ake yanke su, in ka bari sai ka ga sakamako sannan ka zaɓi gefen da zai baka nasara to kai ne alƙali kai ne mai ƙara. A namu gefe ɗaya ya halatta don dillali da bakinsa yace bai wuce biyar ba. Kuma ni a ganina duk wanda yake ɗaukar 0.049 a matsayin gaskiya ta bayyana, 0.052 kuma babu komai, bai fahimci abin ba, ƙarfin shaidar kusan ɗaya ne.

Na biyu wani kuskure ne da ake yi a jarabawa kamar me, a saka 0.08 a wajen lissafin lilo maimakon 0.05. In kayi haka taki ya zama 0.0192, z ya sauko 1.56, p ta koma kusan 0.059, ka saki dillali bisa kuskure. A gwajin zato kason H0 ake sawa, tunda a duniyar da maganarsa gaskiya ce muke auna lilon. Kason samfur wurinsa daban, wajen tazarar amincewa, inda babu maganar kowa da ake gwadawa sai dai kimantawa. In aka yi ta a namu, 0.08 a ƙara a rage 1.96 sau 0.0192, sai ta bada daga kashi 4.2 zuwa 11.8. Ni wannan ta fi yi min amfani a kasuwa wallahi, don tana nuna maka faɗin jahilcinka, ƙila kayan yana dab da yadda aka faɗa, ƙila kuma ya ninka har ya wuce.

Na uku tozon raƙumin nan aro ne, kuma aro yana da sharaɗi. Littattafai da yawa suna cewa n, wato yawan ƙwayoyin da aka ɗiba, sau p0, wato kason H0, ya kai 10, n sau abinda ya rage in an cire p0 daga 1 shima ya kai 10, wasu ma 5 suke cewa. Namu 200 sau 0.05 ya bada 10 cif, a bakin kofa muke tsaye. Da na koma gida na sa Excel ya lissafa ainihin yiwuwar samun 16 zuwa sama ba tare da aron tozo ba, sai ya bani 0.044. Har yanzu ƙasa da 0.05 ne amma ina 0.026 ina 0.044, aron ya ƙara wa shaidarmu gishiri kusan ninki. Da 50 muka ɓare muka samu 4, shima kashi 8 ne fa, amma n sau p0 2.5 ne kawai, z bashi da hurumi a wurin, kuma ainihin lissafi yana cewa samun 4 ko fiye cikin 50 yana faruwa kusan sau 24 cikin 100 ko da dillali mai gaskiya ne. Kashi 8 na 50 da kashi 8 na 200 ba ɗaya bane a gaban alƙali.

Duk wannan kuma ƙaramin abu ne akan yadda aka ɗibo ƙwayoyin. Da farko Kawu katan ɗin da aka zuba wa Hajiya daga ciki ya jawo yace mu ɓare daga nan, ƙanwata ce ta hana tun kafin mu fara, Allah ya yi mata albarka. Ƙwaro ba ya rarrabuwa daidai, katan ɗaya in ya kamu sai ya cika, na kusa dashi lafiya lau, in ka kwashi 200 daga katan ɗin da dama kake zargi to katan ɗin ka auna ba kayan ba. Abinda muka yi shine biyu daga kowane katan, a rufe ido a zura hannu, wani daga sama wani daga ƙasa. Ba cikakkiyar ƙuri'ar littafi bace amma ta kusa, kuma 200 ɗin ɗigo ne cikin dubban ƙwayoyin da ke katan 100, don haka sharaɗin kada samfur ya wuce kashi 10 na duka kayan ya cika. Bayan mun gama ƙirge Kawu yace a ƙara ukun Hajiya su zama 19, nace Kawu Allah ya ƙara maka lafiya waɗannan ba ƙuri'a ce ta kawo su ba, lalacewarsu ce ta dawo dasu shago, masu kyan da ta ci ai bata dawo dasu ba. Haka nan ba a cewa bari mu ci gaba da ɓarewa har sai lissafi yayi daɗi sannan mu tsaya, in kana haka ko wane mai gaskiya zaka iya kama shi wata rana. Yawa kuma ba ya gyara mummunar ɗiba. A zaɓen Amurka na 1936 mujallar Literary Digest ta tara amsoshin mutum sama da miliyan 2 tace Landon ne zai ci, Roosevelt ya tashi da jiha 46 cikin 48, saboda waɗanda ta aika wa da waɗanda suka ga damar amsawa ba su wakilci masu zaɓe ba.

Sai kuskure iri biyu, waɗanda masana ƙididdiga Neyman da Egon Pearson suka tsara maganarsu wajen 1933. Na ɗaya ka kama mai gaskiya, na biyu ka saki mai laifi. Alfa ita ce yawan nau'i na ɗaya da ka yarda ka ɗauka, wato in dillalai 20 masu gaskiya duk aka yi musu irin gwajin nan, a sa ran kusan ɗaya zai sha zargi a banza. Na biyun ne ba a cika kula dashi ba a shekarar farko kuma shine yake cin kuɗi. A ce da gaske kayan kashi 8 ne masu ƙwaro, kuma dokarmu sai mun ga 16 cikin 200 zamu yi magana, to sau ɗan fiye da rabi kawai zamu kama, sauran lokutan 13 ko 14 zamu gani mu ce babu komai. Gwajin da yake barin kusan rabin masu laifi su wuce ba wani gwajin kirki bane. In ka matse alfa don kada ka zalunci kowa, masu laifi sun ƙara samun hanya, in ka sassauta ka fara kama bayin Allah. Hanyar rage duka biyun ita ce ƙara samfur, kuma tana da tsada, don lilon ba ya raguwa daidai da wahalarka, sai ka ninka ƙirge sau huɗu yake raguwa rabi. Da 800 taki zai koma 0.0077, kashi 8 ɗin nan zai bada z kusan 3.9, babu sauran gardama.

Amma akwai ɗaya gefen kuma. Kamfani mai injin tantancewa da zai duba ƙwaya 20,000 ya samu kashi 5.4, z ɗinsa zai kai 2.6, p wajen 0.005, a takarda an ƙi H0 da ƙarfi. A kasuwa fa? Ƙwaya huɗu ne ƙari a cikin dubu, babu ɗan kasuwar da zai ɓata huldar shekaru akan haka. Kalmar da suke amfani da ita, dalala ihsa'iyya, tana nufin da wuya sa'a kaɗai ta kawo bambancin, bata nufin bambancin yana da girma ko yana da zafi a aljihu. Namu ma in a kuɗi ne riyal 3 ne a cikin kowane 100 na kaya, abinda ya fi damun Kawu shine Hajiya ta kai tsaraba Kano ko Zinder a ɓare a gaban baƙi a ga ƙwaro, a ce daga shagon wane aka saya. Wannan asarar babu z ɗin da yake auna ta.

Ƙanwata tace to Yaya a jarabawa me zan rubuta a ƙarshe, nace ki rubuta cewa a matakin 0.05, gwajin gefe ɗaya, z = 1.95, p kusan 0.026, an ƙi H0, akwai shaidar cewa kason masu ƙwaro ya wuce kashi 5, kada ki rubuta an tabbatar, kada ki rubuta dillali maƙaryaci ne. Wa Kawu kuma nace shaidar ta isa a kira mutum a yi magana, bata isa a ci mutuncinsa ba.

Washegari bayan la'asar dillalin yazo da kansa, Kawu ya faɗa masa 16 cikin 200 ba tare da ɗaga murya ba, yace Alhaji a sake ƙirgawa a gabana. Nace in za a sake to a yanke tun yanzu, 800 za a ɓare, takwas daga kowane katan, in an samu 51 zuwa sama ya sauke farashi, in bai kai ba magana ta mutu, kuma da wannan adadin in da gaske kashi 8 ne sama da sau 9 cikin 10 za a kama. Su biyun suka yi shiru kowa yana lissafin kilo nawa ne ƙwaya 800 da ba za a iya sayarwa ba bayan an ɓare, ga azumi ya matso ga ciniki yana jira. Dillali yace Alhaji bari in rage maka wani abu a katan mu huta, Kawu yace Allah ya sa albarka, aka kawo shayi. Guda 184 masu kyan da muka ɓare Inna ta markaɗa su da madara, kwana uku muna sha.